Shawara: Murjanin Tankina Yana Ta Koɗewa

Wasiƙar wannan makon daga Abuja ta zo, daga wani magidanci da ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita:

"Assalamu alaikum. Wata goma ke nan da na haɗa tankin ruwan gishiri mai cin lita 300 a falona, da kifi huɗu da murjani mai rai iri-iri. Da farko komai lafiya lau. A watan Fabrairu gansakuka ta fara rufe duwatsun, sai na sa maganin cire fosfet na GFO da gawayin tace ruwa, na koma canza kashi 30 cikin ɗari na ruwan duk mako, na kuma rage wa kifin abinci. Na sayi sabuwar fitilar LED na ƙure ta, tana ci awa 12 a rana. Gansakuka ta tafi, amma yanzu murjanin Montipora ɗina mai ruwan lemo ya koma kamar tsohon zane da ya sha wanki, Euphyllia har ana hango ƙashinsa ta cikin naman, kawunan Acropora sun yi fari, 'yan zoa, ƙananan murjanin nan masu kama da furanni, da ke lungu kuwa sun koma ruwan ƙasa. Awon da na yi: naitiret 0, fosfet 0, alkaliniti 11 dKH, gishiri 1.026. Zafin ruwa da rana yana kai digiri 29, ranar da aka ɗauke wuta har 30. Na sayi kwalabe uku na maganin ƙara launi, ban ga canji ba. Kuɗi mai yawa na zuba, kuma 'yata kullum sai ta tambaye ni me ya sami furanninta. Abin da ya fi damuna, ina ganin kamar da hannuna nake kashe halittar Allah. Me zan ƙara?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma tambayarka ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Kada ka ƙara komai. Kwalaben nan uku ka ɗaure bakinsu ka ajiye su a kabad. Tun daga Fabrairu abu biyar ka canza kusan lokaci guda, kuma dukkansu wuri ɗaya suka taru suka danne murjanin: an janye masa abinci, an ƙara masa haske, zafin bazara ya zo ya same shi a haka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gansakukar kan dutse ka kora, amma makamin da ka kore ta da shi bai san bambancinta da wata 'yar'uwarta ba, wadda ke zaune a cikin naman murjanin, wadda kuma da ita yake rayuwa.

Kafin mu je can, yau da dare bayan fitila ta mutu da kamar awa ɗaya, ka ɗauki tocila ka duba kowane murjani da kyau. Abin da kake nema shi ne ko naman yana nan. Idan ka ga 'yan bakunan sun buɗe, 'yan yatsunsu sun fito ko da kaɗan ne, kuma akwai wata siririyar fata a kan ƙashin ko da fara ce, to da ransa. Murjanin da ya ɗashe bai mutu ba, kamar dai mutumin da ya rasa jini ne. Amma idan ka hura masa ruwa a hankali da sirinji ka ga naman yana saɓulewa yana tashi, ko ka ga ƙashi tsirara mai kaushi wanda bayan kwana kaɗan ya fara yin kore, wannan wurin ya riga ya tafi. Daga bayaninka ina kyautata zaton kawunan Acropora ne kaɗai suka kai wannan matsayi, sauran duk ana iya ceto su in Allah ya yarda.

Mu Hausawa murjanin da muka sani shi ne jan dutsen wuya da ake yi wa mata ado da shi. Wancan daga Bahar Rum yake fitowa, garin Torre del Greco na Italiya ya daɗe da shahara wajen sarrafa shi, kuma jansa a cikin ƙashin yake, shi ya sa kaka za ta bar wa jikanya sarƙarsa launin yana nan yadda yake. Na tankinka ba haka yake ba. Ƙashinsa fari ne fat kamar alli. Duk launin da kake gani a cikin siririn naman da ya lulluɓe ƙashin yake, kuma daga wuri biyu yake zuwa. Na farko wasu ƙwayoyin gansakuka ne da ido ba ya gani, ana kiransu zuzantele, miliyoyinsu na zaune a cikin naman. Launinsu ruwan ƙasa ne mai ɗan zinariya. Su ke amfani da haske su haɗa sukari su ciyar da mai masaukinsu, a wasu nau'o'in har kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da yake buƙata. Na biyu wasu sinadaran furotin ne da shi murjanin yake ƙerawa da kansa, su ne koren nan mai walƙiya, da ja, da ruwan hoda, da shunayya. Ƙera su kuwa yana cin abinci. Murjani mai yunwa ba ya ɓata ƙarfinsa a kan kwalliya.

Idan ka riƙe wannan, murjaninka huɗu za su zame maka shaidu huɗu. Wanda zuzantele suka yi masa yawa, saboda ƙarancin haske ko yawan taki a ruwa, duhu yake yi ya koma ruwan ƙasa, domin sun rufe launinsa na asali. Wanda suka ragu a jikinsa sannu a hankali saboda yunwa, koɗewa yake yi, naman ya sirance. Wanda zafi da haske suka haɗu a kansa kuwa, aikin ƙwayoyin ne yake lalacewa su fara fitar da guba, sai ya tofar da su, ya yi fari cikin 'yan kwanaki. Montipora da Euphyllia ɗinka yunwa suke faɗa, da ɗan zafi a kai. Zoa na lungu labarinsu daban ne, zan zo kansu.

Sifilin nan biyu da ka rubuto, naitiret 0 da fosfet 0, na san da farin ciki ka gan su. Wanda ya fara da kifin ruwan daɗi haka aka koya masa, cewa ruwa mai tsabta shi ne wanda babu komai a cikinsa. A tankin murjani sifili alamar yunwa ce. Zuzantele tsiro ne a ɗabi'arsu, taki suke so, kuma takinsu shi ne naitirojin da fosfet, wato abin da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci. Za a ce ai ruwan teku inda murjani ke rayuwa shi ma kusan babu taki a cikinsa. Gaskiya ne, amma can dare da rana igiyar ruwa na kawo ƙananan halittun da murjani ke kamawa ya ci, ga dubban kifaye suna kewaya a kansa suna zuba masa taki sabo. A falonka kifi huɗu ne, su ma an rage musu abinci, ga GFO yana zuƙe abin da ya saura, ga canjin ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku duk mako.

Rashin fosfet ya fi rashin naitiret haɗari. Masu bincike a Jami'ar Southampton da ke Ingila, ƙarƙashin Farfesa Jörg Wiedenmann, sun nuna a wani aiki da ya fito a 2013 cewa idan zuzantele suka rasa fosfet, musamman in akwai naitirojin a ruwan, ginin jikinsu yana raunana ta yadda zafi da hasken da a da za su jure sai su sa murjanin ya yi fari. Wato shi GFO ɗin da ka sa domin gyara, shi ya rage wa murjaninka juriya daidai lokacin da watan Maris ke ƙaratowa. Ni ma na taɓa yin wannan kuskuren a shekaruna na farko. Na cika ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwani gaba ɗaya a rana ɗaya, cikin kwana goma wani jan Montipora da na raina tun yana kamar farcen yatsa ya koma ruwan madara. Sai da ya yi wata uku kafin jansa ya dawo, kuma har yau in na tuna shi sai na ji nauyin abin a raina.

Don haka ka cire GFO ɗin yau. Gawayin ka bar kaɗan, kamar rabin abin da ka sa, domin yana da amfani wajen tsotse gubar da wasu murjanai ke fitarwa. Ka koma ciyar da kifinka yadda ya kamata, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma ka fi ba su daskararren abinci irin ƙananan jatan lande. Sau ɗaya ko biyu a mako, da dare, ka kashe famfo na minti goma ka ɗiga wa Euphyllia ɗan abinci a baki da sirinji. In kana da sikima, na'urar nan mai kumfa, ka sassauta ta yadda dattin da take tarawa zai zama kaɗan mai kauri. Canjin ruwa ya koma kashi 10 cikin ɗari duk mako biyu. Inda muke so mu kai shi ne naitiret tsakanin 2 da 10 ppm (wato kashi cikin miliyan), fosfet tsakanin 0.03 da 0.1 ppm. Sai dai ka sani, abin awon fosfet na kwatanta launi da kati ba ya iya karanta ƙaramin adadi irin wannan, yakan nuna sifili ko da akwai ɗan abu. Ka nemi na lantarki mai karanta ƙasa sosai, irin na kamfanin Hanna. Idan bayan mako uku na ciyarwa har yanzu sifili ne, sannan ne za mu yi maganar ɗiga naitiret ko fosfet daga kwalba, da awo, kaɗan-kaɗan.

Gansakuka za ta ɗan dawo, kada hankalinka ya tashi. Tankin da bai cika shekara ba kusan dole ne ya bi ta wannan matakin. Maganinta hannu da buroshi, da dodon koɗin teku irin su Trochus da Turbo masu kiwo a kanta. Kuma 'yar koriyar gansakuka ta fi abin da sifili ke jawowa sauƙi. Idan taki ya ƙare ƙaf, wata ƙazanta mai yauƙi ruwan ƙasa, mai kumfa a jiki, takan mamaye yashi da duwatsu, wasu nau'o'inta har dodon koɗi suke kashewa, kuma fitar da ita aikin watanni ne.

Sai fitila. Idon mutum ba ya auna hasken LED daidai, musamman shuɗi, wanda mu muke gani kamar dishi-dishi alhali ga murjani rana ce tsaka. Abin da ka yi shi ne ka ɗauke murjanin daga tsohuwar fitila ka sa shi ƙarƙashin sabuwa a ƙure, a daidai makon da gawayi ya wanke ruwan ya zama garau, haske ya ƙara ratsawa har ƙasa. Rage haske ba ya cutarwa ko da a rana ɗaya aka yi, ƙara shi ne ke buƙatar haƙuri. Ka mai da ita rabi yau, awa takwas ko tara a rana. Montipora da Euphyllia ka sauko da su ƙasa-ƙasa, sau ɗaya, ka bar su a nan, domin yawan ɗagawa da ajiyewa shi ma wahala ce a gare su. In ka samu aron ma'aunin PAR, wato na'urar auna ƙarfin hasken da murjani ke amfani da shi, daga wani mai tanki ko daga shago, ka auna: masu laushi da masu kaurin nama irin Euphyllia sun wadatu da 75 zuwa 150, Acropora mai lafiya yana son 200 zuwa 350. Bayan launi ya fara dawowa sai ka riƙa ƙara kashi 5 cikin ɗari duk mako.

Yanzu zafi, wanda shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka, domin yunwa a makonni take aiki, zafi kuwa a kwanaki. Digiri 29 shi kaɗai ba kisa ba ne, akwai tekunan da suke kai haka a lokacin zafinsu, murjanin Tekun Fasha ma yana jure sama da 33. Amma na kasuwa galibi daga Indonesiya da Ostareliya ake kawo su, kuma kowane murjani da iyakar da ya saba da ita. Hukumar NOAA ta Amurka, mai sa ido a kan wannan al'amari, ƙa'idarta ita ce ƙarin digiri ɗaya tak a kan zafin watan da ya fi zafi, in ya ɗore kamar mako huɗu, ya isa ya fara sa murjani yin fari. Haka aka gani a tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, kuma a Afrilun 2024 hukumar ta tabbatar da karo na huɗu. Teku ke nan, mai zurfi da faɗi, wanda zafinsa ke hawa a hankali. Lita 300 a falon Abuja cikin Maris da Afrilu yana iya hawa digiri uku tsakanin asuba da la'asar, ya sauko da dare, gobe ya sake. Wannan hawa da sauka kullum, a kan murjani mai yunwa, ƙarƙashin fitila a ƙure, shi ne abin da ya same ka.

Wurin da kake so ruwan ya zauna shi ne 25 zuwa 26, in ya yi yawa 27, kuma kada bambancin dare da rana ya wuce digiri ɗaya. Abin da za ka iya yi yau ba tare da kashe kuɗi sosai ba: ka buɗe murfin tankin, in kana tsoron kifi ya yi tsalle ka sa raga, ka kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Dabarar randa ce, ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi, kuma takan sauke digiri ɗaya zuwa biyu. A busasshiyar iska ta fi aiki, damina na sauka ƙarfinta zai ragu. Amma fa ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri yana nan, saboda haka kullum ka cike gurbin da ruwan daɗi da aka tace da na'urar tace ruwa ta RO/DI, kada ka cike da ruwan gishiri. Ka ajiye gorunan roba biyu ko uku na tataccen ruwa a firiza, a rufe gam, ranar da zafi ya yi tsanani ka saka ɗaya, in ta narke ka canza. Kada ka zuba ƙanƙara tsirara, kada kuma ka sauke zafin da gaggawa. Ka duba ko rana tana dukan gilashin ta taga a wani lokaci na yini. Kuma tunda fitila ma zafi take ƙarawa, ka mai da lokacin cinta daga la'asar zuwa dare, lokacin da kai ma kake gida kana kallo.

Zan faɗa maka gaskiya a kan kuɗi. Mai son Acropora a ƙasar da ke da bazara irin tamu ba shi da makawa sai na'urar sanyaya ruwa, ko ɗakin da iyakwandishan ba ya mutuwa. In za ka saya, ka ɗauki wadda ta ɗara girman tankinka, kuma kada ka kulle ta a kabad ɗin ƙasa, domin zafin da ta cire nan za ta zuba shi. Kuɗin murjani biyar da za ka ƙara saya gara su tafi can. In kuwa ba ta samuwa yanzu, babu laifi ka haƙura da Acropora, ka ba wani mai sanyi ya riƙe maka, ka zauna da masu juriya irin su zoa da murjanin laima da na fata.

Ranar da aka ɗauke wuta, fitila ba ita ce abin damuwa ba, murjani yana iya yin kwana biyu ko uku a duhu lafiya. Iska ce matsalar. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, in kuma ya tsaya cik, cikin 'yan awoyi kifi zai fara haki a sama. Famfon da ke juya ruwa wuta kaɗan yake ci, ka ɗora shi shi kaɗai a kan inbata ko batir, ka kuma ajiye famfon iska mai batir a kusa, ka nuna wa mutanen gida yadda ake kunna shi in ba ka nan.

Kawunan Acropora da suka yi fari kuwa, ina zargin alkaliniti, wato yawan sinadarin kabonet da ke cikin ruwa wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi, ana auna shi da dKH. Sabon tsiro a kan Acropora mai lafiya yakan yi fari-fari, amma da nama a kansa. Idan naman ya zame, masu wannan sana'a ƙonewar kai suke ce masa, kuma an san shi da zuwa ne idan alkaliniti ya yi sama alhali taki ya yi ƙasa, kamar ƙashin yana gudu naman ya kasa bin sa. Adadin 11 ba laifi ba ne a tankin da ke da taki, amma ruwan teku kusan 7 yake, kuma a halin da kake ciki 8 ya fi maka. Ka dama sabon ruwa a bokiti ka auna shi, domin wasu nau'o'in gishiri da kansu suke fitowa 11 ko 12, kuma da canjin kashi 30 duk mako wataƙila daga nan yake zuwa. In kana ɗiga wani abu na alkaliniti ka dakata, ka bar shi ya sauko da kansa, kada ya wuce rabin dKH a rana. Kalshiyam 400 zuwa 450 da magniziyam 1250 zuwa 1350 ka auna su sau ɗaya, in suna nan ka ƙyale su.

'Yan zoa da suka koma ruwan ƙasa ba su da matsala babba. Suna lungu, wataƙila dutse ya yi musu inuwa daga sabuwar fitilar, sai suka tara zuzantele domin su kama ɗan hasken da ke isowa. Murjani mai ruwan ƙasa ƙoshi gare shi, sai dai ba kyau. Ka bar su sai komai ya daidaita, sannan ka matso da su fili kaɗan. Amma ina roƙonka, duk ranar da za ka taɓa su ka sa safar hannu da tabarau. Wasu daga cikin danginsu, musamman Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani, kuma ba a gane mai ita da ido. Kada ka kankare su a waje, kada ka taɓa dafa dutsen tanki ko zuba masa tafasasshen ruwa, domin tururin ya sha kwantar da iyali gaba ɗaya a asibiti a ƙasashen da aka fi wannan kiwo. Kada yarinyar ta sa hannu a ruwan.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka in mako shida ya wuce ba ka ga alamar sauƙi ba, sai mu nemi wani dalilin. Ma'aunin gishirinka yana iya yin ƙarya, ka daidaita shi da ruwan gwaji na 35 ppt, wato mai gishiri kashi 35 cikin dubu. Ka ciro kowane famfo da maganaɗisun goge gilashi ka duba ko sun tsage sun fara tsatsa. Ka tabbata babu tagulla ko jan ƙarfe a hanyar ruwanka, kuma ba a taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a tankin ba, domin ɗan kaɗan ɗinsa yana kashe murjani. Ruwan burtsatse ko na famfo kada ya shiga sai ta RO/DI, kuma ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a cikin ruwa, ya nuna 0. Akwai kuma wani abu da littattafan waje ba su cika ambata ba amma a gidajenmu kullum ne: maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa duk guba ne mai tsanani ga halittun ruwa, sikima kuwa iskar ɗaki take zuƙa ta dama ta cikin ruwan. Kada a fesa a falon nan. In ya zama dole, a kashe sikima, a rufe tankin, a buɗe tagogi kafin a sake kunnawa. Turaren wuta ma a kai shi wani ɗakin. Hannun da ya sha mai ko turare a wanke shi da ruwa zalla kafin ya shiga tanki. A ƙarshe ka duba ƙarƙashin Montipora da tocila, akwai wasu fararen halittu masu gashi-gashi, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da suke cin namansa daga gefe, Acropora kuma yana da tasa shafaffiyar tsutsa mai barin tabo zagaye-zagaye. In ka ga ɗaya daga ciki ka rubuto, maganinsu daban ne.

Wani abu kuma, kada ka auna murjaninka da yadda ka gan shi a shago ko a hoton intanet. Can shuɗin haske zalla ake sa musu, a ɗauki hoton ta bayan gilashi mai ruwan lemo, launin ya fito fiye da yadda yake. Ka auna shi da kansa: hoto ɗaya duk Juma'a, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, haske ɗaya.

Maganar da ka yi cewa da hannunka kake kashe halittar Allah ta taɓa ni, kuma ba zan ce maka ba komai ba ne, domin dabbobi ne masu rai, an raba su da tekunsu, amanarsu tana wuyanka. Amma wanda ya auna ruwansa har ya rubuto adadi, ba sakaci ya yi ba. Kulawa ce ta yi yawa ta rasa alƙibla. Haƙƙinsu a kanka yanzu shi ne ka daina saye har sai waɗannan sun warke, wata uku aƙalla ba sabon murjani, ba sabuwar kwalba.

'Yarka kuma ka gaya mata gaskiya daidai hankalinta, cewa furannin nata dabbobi ne, ba su da lafiya, zafi da yunwa ne suka kama su, ana kuma yi musu jinya. Ka ba ta aikin karanta ma'aunin zafi safe da yamma tana rubutawa a littafi, kai kuma ka riƙa auna alkaliniti sau biyu a mako, naitiret da fosfet sau ɗaya, kana rubutawa a ciki. Ka shirya mata rai, kai ma ka shirya naka, cewa alamar farko ta sauƙi ba launi mai kyau ba ce. Bakunan za su fara buɗewa sosai, naman Euphyllia ya ƙara kumbura, sannan Montipora ya fara yin ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar ya ƙara lalacewa. Zuzantele ne suke dawowa. Wannan yakan ɗauki mako uku zuwa shida, ruwan lemon kuwa sai bayan wata biyu ko uku. Idan mako shida ya cika ka turo mini shafukan littafin da hotunan Juma'a, mu duba tare ko lokacin ƙara haske ya yi. Allah ya ba su lafiya, ya raya maka yarinyar.